Kafin Ki Danna, Rumasa'u

Rumasa'u, ajiye wayar nan tukuna,
ga kunun gyaɗa bai huce ba.
Kin taso daga Kongo cikin yayyafi kina haki,
wai littafi ya kammala, yau za ki sake shi duniya.

Ni ma na yi wannan rawar kai.
Kwafi ɗari biyar na buga a Sabon Gari
da kuɗin adashen wata tara.
Arba'in na sayar. Sauran na ƙarƙashin gado,
gara ta karance su daga bango har baya.

Naki ba takarda, gara ta yi asara.
Amma akwai ƙanwarta, sunanta gaggawa.
Rufe shi mako uku, kar ki leƙa.
Ko daddawa sai ta kwana a rufe
kafin ta gyara miya.

Sannan ki kai wa Malam Tasi'u na Tudun Wada,
mai jan biron nan da ya yi ritaya.
Zai ɓata miki rai. Ki biya shi duk da haka.
Shi ya gano na rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa"
har sau goma sha ɗaya,
na mayar da mahaifar jarumina macijiya.

Haruffan nan masu lanƙwasa, ki sa musu ido.
Buɗe shi a tsohuwar wayar Inna mai tsagaggen gilashi,
in ba su rikiɗe sun zama akwatuna ba,
sun tsallake rijiya.

Bangon kuwa, kamar farcen babban yatsa za a gan shi.
Suna ɗaya, hoto ɗaya.
Bar furanni da zuciya mai kibiya.

Kar ki ce kyauta ne:
abin banza ana karɓa, ba a buɗewa.
Kar kuma ki tsauwala.
Mai karatunki ɗalibar Samaru ce
da ke lissafin kuɗin mota da na data
kafin ta ce ta saya.

Je ki Kwangila da magariba ki kalli mai tsire.
Yanka ɗaya yake miƙowa a bakin wuƙa,
ya yi shiru, harshe ya yi masa ciniki.
Ba da babin farko,
ki tsaya daidai inda aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Wanda ya matsu ya san wa ke waje
shi zai zo da tambaya.

Ban da shela safe da yamma.
Mai lasifikar magani a tasha
tun yaushe kunne ya daina jin sa?
Faɗi abin da ya hana ki barci har kika rubuta,
sau ɗaya, da gaskiya.

Za a sace shi, wannan kam ba makawa.
Ƙawarki ma za ta turo miki shi wata rana:
"Karanta wannan, ya yi daɗi!"
Sa sunanki da lambar asusu a farko da ƙarshe,
wani ɓarawon yana da kunya.

Wadda ta fara sayen nawa
ma'aikaciyar jinya ce a Shika, tana aikin kwana.
Ƙarfe biyun dare ta rubuto:
"Don me kika kashe Lantana?"
Na amsa mata kafin asuba.
Littafi huɗu ke nan tana biye da ni,
ta jawo min ɗakin haihuwa gaba ɗaya.

Makon farko ƙila mutum uku ne,
biyu kuma ƴan gidanku.
Rubuta sunansu a littafin lissafi, ki gode musu,
ki fara na biyu tun ba a gama yabon na ɗaya ba.

Yauwa, an kawo wuta. Sa wayar a caji.
Shanye kununki, ya yi fata.
Ruwa ya ɗauke ta wajen Kufena,
littafin ba zai gudu ba,
yau dai bar shi ya kwana a Zariya.